Hajiya, ki duba hasken da kyamarar take sha kafin ki duba lambar da ke jikin kwali

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, na fahimci kina neman ƙaramar kyamara irin wadda ke shiga jaka ko aljihu domin hotunan yara da taron gida, kuɗin da kika ware ba su da yawa, kuma kina so ta shigo hannunki kafin walimar saukar Alƙur'ani ta ɗanki, Allah ya sanya albarka, ya ba shi ikon aiki da abin da ya karanta. Kin kuma ambaci cewa wani mai shago ya nuna miki wata sabuwa fil a kwali, an rubuta megafiksel 48 a jikinta, wato ɗigo miliyan 48 ne ke haɗa hotonta, kuma ta fi sauran araha. Ni ba sana'ata ba ce hoto, amma fiye da shekara goma ke nan ni ake ɗora wa ɗaukar hoto a duk suna ko ɗaurin aure na danginmu a nan Kano, kuma ƙananan kyamarori uku sun wuce ta hannuna a tsawon wannan lokaci.

Waccan da aka nuna miki, in dai sunan da ke jikinta ba na kamfanin da aka sani da ƙera kyamara ba ne, shawarata ki bar ta. Na taɓa saya wa ƙanwata irinta, kuma ranar sunan 'yarta muka ga abin da muka saya: a tsakar gida da rana hoton yana fitowa da ɗan dama, amma da aka shiga ɗakin mai jego sai fuskoki suka koma dishi-dishi, kalar atamfa ta dagule, ba a iya bambance idon jaririya da inuwar zanen goyo. Abin da ke cikin irin waɗannan yawanci ƙaramin idon kyamara ne irin na tsofaffin wayoyi, sai a sa manhaja ta buɗa hoton ya kumbura har ya kai lambar da aka rubuta a kwali. Jawo nesa da suke cewa tana yi ma ba gilashi ne ke motsawa ba, yanko tsakiyar hoton kawai take yi ta faɗaɗa shi.

Maganar megafiksel kuwa, lissafinta mai sauƙi ne. Hoton da muka saba wankewa a shagon masu hoto, mai inci 4 da 6, megafiksel 2 da ɗan ɗoriya ya ishe shi ya fito tas. Babba mai inci 8 da 10, irin wanda ake sa wa firam a rataye a falo, bai buƙatar fiye da 8. Saboda haka kyamara mai 10 ko 12 ta wadatar da duk abin da za ki yi da hoton iyali.

Abin da ke raba kyamara mai kyau da marar kyau a gidajenmu shi ne yawan hasken da take iya sha. Ki tuna inda hotunan iyali suke faruwa: ɗakin da taga ɗaya ce kuma an saki labule, falo bayan magariba an ɗauke wuta sai fitila mai caji, rumfar da aka kafa a ƙofar gida, yara kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya. Idan haske bai isa ba, kyamara tana daɗewa ido buɗe kafin ta rufe, kuma a wannan ɗan jinkiri ne yaro zai juya kai ko hannunki ya motsa, hoton ya fito kamar an shafa shi da yatsa. Abu biyu ne ke maganin wannan. Na farko faɗin ƙofar gilashin, wanda ake rubutawa a zagayen gilashin gaba kamar haka: 1:2.0 ko 1:3.2. Ƙaramar lamba ita ce mai kyau, domin mai 2.0 tana shigar da haske kusan ninki biyu da rabi na mai 3.2. Na biyu girman allon da ke karɓar hasken a ciki, wato sensa. Yawancin masu araha suna da wanda ake kira 1/2.3, akwai na tsakiya 1/1.7, sannan mai inci 1, wanda girmansa ya ninka na farkon kusan sau huɗu.

Da wannan ma'auni, ga wanda kuɗinsa ke da iyaka, ta hannu mai lafiya daga sanannen kamfani ta fi sabuwa marar asali. Dama kamfanonin sun rage ƙera ƙananan kyamarori tun da wayoyi suka cinye kasuwar, har Casio ta daina gaba ɗaya a 2018, shi ya sa yawancin abin da za ki samu na hannu ne, kuma farashinsu ya ɗaga a 'yan shekarun nan saboda matasa sun dawo suna nemansu. Wadda nake riƙe da ita yanzu Canon PowerShot S110 ce, ta shekarar 2012, megafiksel 12, gilashi mai 2.0, kuma da ita na ɗauki hotunan mahaifiyarmu da jikokinta a cikin ɗakinta ba tare da filasha ba, suka fito yadda ake so. 'Yan'uwanta S95 da S100 da S120 duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Panasonic Lumix LX7 ta fi su shan haske, domin nata 1.4 ne, sai dai ta ɗan fi kauri. Idan Allah ya sa kika ci karo da Sony RX100 ta farko, wadda ita ma ta fito a 2012 da sensa mai inci 1, a farashin da za ki iya, kada ki tsaya neman wata. Idan kuma duk waɗannan sun fi ƙarfin aljihu, Sony W830 ko Canon IXUS 190 za su yi miki aiki a waje da rana, kuma dukansu suna da abin da ke rage rawar hannu a cikin gilashin, amma ki sani cewa a ɗaki sai da filasha.

Kada dogon zum, wato jawo nesa, ya ɗauke miki hankali. Mai ninki 30 ko 40 tana da amfani ga wanda zai tsaya nesa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe yana son jawo mahaya, amma hoton gida matsalarsa akasin haka ce, wato yadda za a shigar da mutum goma sha biyar cikin hoto ɗaya alhali bango ya tokare bayanki. Don haka ki duba lambar faɗin kallo da ake rubutawa da mm a bayanin kyamarar, ƙaramar lamba ce ta fi kwaso mutane da yawa, ki fifita mai 24 ko 25 a kan mai 35. Zum ninki 4 ko 5 ya isa.

Wajen saye, ba kowane mai kayan lantarki ke ajiye su ba yanzu. Ki sa a tambaya miki a Beirut Road da Farm Centre da Sabon Gari, sannan ki tambayi mai hoton unguwarku, domin su ne suka fi sanin mai sayarwa da mai gyara. Ki tafi da wanda ya ɗan san abin, ki tafi da katin memori naki, kuma kada ki biya sai an kunna. Ki kunna ki kashe kamar sau biyar kina kallon yadda gilashin ke fitowa yana komawa. Idan yana tsayawa a hanya ko yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ki ajiye ta ko nawa aka rage miki, domin gyaran wannan wuri yakan kusa kuɗin wata kyamarar. Ki jawo zum har ƙarshe ki ɗauki farin bango ko takarda, sannan ki buɗa hoton ki duba ko akwai baƙin ɗigo da ke zama a wuri ɗaya, alamar ƙura ta shiga ciki ke nan. Ki haska gilashin da fitilar waya ko akwai karce ko wani abu kamar saƙar gizo, ki gwada filasha, ki buɗe murfin batir ki tabbata batirin bai kumbura ba. Ki nemi a ba ki kwana biyu ko uku na gwaji, a rubuta a rasit.

Daga cikin kuɗin ki ware wani abu don batir na biyu da caja, domin batirin da ya shekara goma ba zai kai ki ƙarshen walima ba, kuma kafin ki saya ki tabbata ana samun irinsa a kasuwa. Kati kuma ki tsaya a kan kyamarar da ke cin SD. Wasu tsofaffin Sony suna cin Memory Stick, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuma xD, dukansu sun yi wuyar samu. Kati mai giga 16 ko 32 ya wadatar, kuma kyamarorin da suka girmi 2010 galibi ba sa karanta mai 64. Ki haɗa da ɗan abin karanta kati da ake jonawa a waya, da shi za ki riƙa kwashe hotuna. Idan za ki tura wa mai wanki ta WhatsApp, ki tura a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoton.

Ƙurar hunturu ita ta kashe kyamarata ta farko. Na bar ta a aljihun riga ba jaka, ranar wani ɗaurin aure da hazo ya rufe gari, washegari gilashin ya fito ya ƙi komawa. Tun daga nan nake ajiye ta a ƙaramar jaka mai zif, ba na goge gilashin da bakin riga, kuma ba na barinta a mota lokacin bazara da zafi ke haura digiri 40.

Akwai abu ɗaya da ya shafi walimarki kai tsaye. Masu sauka da iyayensu yawanci farin kaya suke sawa, ita kuwa kyamara idan ta ga farar shadda ta cika hoto sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, fuskokinmu su yi duhu har ba a gane wanda ke ciki. Ki nemi maɓallin da ke da alamar +/-, ki ƙara zuwa +0.7 ko +1 har fuska ta bayyana a allon kallo na bayan kyamarar. Idan rana tana bayansu, ki kunna filasha ko da tsakar rana ce, amma ki matso, domin ƙaramar filasha ba ta wuce kamar mita uku. Kin ce wayarki tsohuwa ce kuma kullum a cike take, shi ya sa ban ce ki haƙura da ita ba. Da sabuwa ce mai kyau, da na ce ta fi masu arahar nan a cikin ɗaki. Ki samu kyamarar aƙalla mako guda kafin ranar, ki saita kwanan wata a cikinta, ki sa yaron ya saka kayan da zai sa ya riƙe allonsa, ki gwada a inuwar bango bayan la'asar da kuma cikin falo, domin ki san inda za ki tsayar da shi da malaminsa kafin baƙi su cika gidan.