Na canza fayil sai na'urar ta fizge ni, ta lalace ne?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ni tela ne a Bukoki nan Yamai, zaman keke ya sa mani ciwon baya, shi ne ƙanena ya aiko mani da wata ƴar na'ura mai bateri daga Faransa, ana manna faci biyu a fata tana sakin kuran, wato wutar lantarki, kaɗan kaɗan, kuma tana da ramin da ake jona portabul a sa mata fayil na sauti sai ta riƙa bin shi. Fayil na farko na kai ta lamba 6 lafiya lau, da na canza wani ban taɓa komi ba sai ta fizge ni har na zabura daga tabarma. Ta lalace ne ko mi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, sannu, Allah ƙara sauƙi. Da wuya a ce ta lalace. Abin da ya faru shi ne lamba 6 ɗin nan ba ita kaɗai ke yanke ƙarfin kuran da zai shiga jikinka ba. Ka ɗauka tiyo ɗaya ne mai famfo uku: ƙarar da aka naɗi fayil ɗin da ita tun asali, sai volim na portabul, sai maɓallin na'urar. Kai ido na kan na ukun, na farkon ne ya buɗe ba ka sani ba.

Kuma fa kunne na da haƙuri, fata ba ta da shi. In wani fayil ya fi wani da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kunnenka zai ce ai ɗan ƙari ne, amma siginar da ke shiga na'urar ta ninka biyu cif. Wannan shi ne fizgar da ka ji.

To ga yadda za ka yi, kuma don Allah ka riƙe shi. Ka tsaida volim na portabul wuri ɗaya, misali wajen kashi 70 cikin 100, kar ka sake taɓa shi, duk ƙari da ragi a maɓallin na'urar za ka riƙa yi don shi ke tafiya sannu sannu, volim na waya tsalle yake, danna ɗaya na iya kai ka nesa. Duk lokacin da za ka canza fayil ka maida maɓallin sifiri tukuna, kowane lokaci, ko da fayil ɗin da ka sani ne. Kuma kar ka bar fayiloli suna bin juna da kansu.

Sabon fayil kuwa, ka fara saurare shi da kunne har ƙarshe kafin ka manna komi a jiki. Wasu na farawa shiru shiru sai a minti na biyar su taso, kai kuma ka riga ka ƙara maɓalli don ba ka jin komi a farko. Inda ya fi ƙara shi ne ma'auninka, can za ka gwada ƙarfin da kake iya ɗauka. In kana da kwamfuta akwai Audacity, abin gyaran sauti ne da ake sa wa kwamfuta, kyauta ne, yana nuna maka zanen sautin da idonka kuma yana iya daidaita fayilolin su zo kusa da juna.

Abin da ya fi damuna shi ne kira da saƙo. Na'urar ba ta san bambancin fayil da ƙarar WhatsApp ba, duk abin da ya fito daga portabul za ta maida shi kuran. Ka sa wayar a yanayin jirgi, ka kashe alam. Kuma kar ka taɓa jona portabul da na'urar alhali portabul ɗin na kan caji, kuran gida volt 220 ne, ga caja ta arha ga wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, bai kamata waya ta haɗa wannan da fatarka ba.

Facin ma ka duba su. Zafin Afrilu da iskar hunturu na busar da ɗankonsu, in gefe ya ɗaga sai kuran ya taru a ɗan wuri ya yi zafi kamar allura, har ya ƙona. Kashe na'urar kafin ka gyara ko ka cire. In ka ji jiki ya saba bayan minti 10 ka ƙara ɗan ƙanƙani kawai, zafi ba alamar magani na aiki ba ne, minti 20 zuwa 30 sun isa.

Kar a sa a ƙirji, ko gaban wuya, ko kai. Mai na'urar bugun zuciya a jiki, da mai farfaɗiya, da mai ciki, kar su yi amfani da ita sai likita ya yarda, na faɗa ne don na san yadda muke aron kaya a gida. Kai kuma in ciwon na sauka ƙafa ko kana jin ta tana mutuwa, ɗauki na'urar da takardarta ka je wajen likitan gashin ƙashi ya duba bayan, ya nuna maka inda za ka manna.