Wakiliyar 'yan wasan jimnastik: an hana ta shiga taro, tana son zuwa kotu

Tambaya

Barista, ni tsohuwar 'yar wasan jimnastik ce, kuma 'yan wasa ne suka zaɓe ni in wakilce su a kwamitin zartarwa na hukumar wasan ta ƙasarmu. Yaran tawaga sun kawo mini kuka biyu. An ajiye mutum biyu daga cikin masu zuwa gasa ba tare da an faɗi dalili ba. Sannan akwai kocin da ke tilasta wa wata yarinya atisaye alhali tana fama da ciwon idon sawu, yana kuma ɗora ta a kan sikeli gaban 'yan uwanta yana yi mata gorin ƙiba. Da na ta da maganar a taro, shugaba ya ce ba ta cikin ajanda. Taron da ya biyo baya ko gayyata ba a aiko mini ba, sakatare ya ce wai kujerata ta ba da shawara ce, ba ni da ƙuri'a. Ina so in maka su a kotu a madadin yaran, in kuma saki takardun taron a kafafen sada zumunta. Tunda zaɓe na aka yi, ai babu wanda ya isa ya hana ni. Ina mafita?

Amsa

Malama, ban ga kundin tsarin mulkin hukumarku ba, kuma dokar ƙungiyoyin wasanni ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ki ɗauki wannan a matsayin haske kafin ki zauna da lauyan da zai karanta takardunki.

Zan fara da inda nake ganin kin zame. Zaɓe ya ba ki kujera, amma abin da kujerar ke ɗauke da shi kundin hukuma ne ke faɗa. A wasu hukumomin wakilin 'yan wasa cikakken mamba ne, yana da ƙuri'a kamar kowa. A wasu kuwa kwamitin 'yan wasa na shawara ne kawai, shugabansa kan halarci taro in an kira shi. Ki buɗe sashen da ya lissafa mambobin kwamitin zartarwa ki ga ko an sa ki a cikinsu, ko an rubuta "ba tare da ƙuri'a ba" a gefe. Ki duba kwana nawa ake ba da sanarwar taro, da yadda mamba ke shigar da batu cikin ajanda. Idan ke cikakkiyar mamba ce, ƙin aiko miki gayyata ba ƙaramin kuskure ba ne. A dokokin ƙasashe da dama yana iya zama dalilin ƙalubalantar abin da aka zartar a wannan zama. Idan kuwa kundin ya ce kujerar ta shawara ce, to sakatare yana kan daidai, ko da hanyar da ya bi ba ta yi kyau ba. Na ce ba ta yi kyau ba domin duk wanda ke da sashe a hannunsa rubuto shi yake yi da lambarsa. Faɗa da baki a bakin ƙofar ɗakin taro ba amsa ba ce ga mutumin da 'yan wasa suka zaɓa.

Wataƙila za ki ce ai a duniya an wuce wannan wurin. Gaskiya ne a wani ɓangare. Hukumar jimnastik ta duniya, FIG, wadda aka kafa a 1881 kuma hedikwatarta ke Lausanne, tana da kwamitin 'yan wasa da 'yan wasan ke zaɓa da kansu a gasannin duniya, kuma shugabansa na zama a kwamitin zartarwa. A watan Oktoba na 2018 kwamitin Olamfik na duniya ya amince a Buenos Aires da sanarwar haƙƙoƙi da nauye-nauyen 'yan wasa, wadda ta ambaci zaɓaɓɓen wakilci da 'yancin kai rahoton rashin ɗa'a ba tare da tsoron ramuwa ba. Sai dai sanarwar manufa ce da ake son a cimma. Ita kaɗai da wuya alƙali ya zartar miki da ita, sai in hukumarku ta shigar da ita cikin ƙa'idojinta. A Amurka abin doka ne: tun 1978 'yan wasa ke da kashi 20 cikin ɗari na ƙuri'u a hukumomin wasanninsu, aka ɗaga shi zuwa kashi ɗaya cikin uku a 2020 bayan badaƙalar Larry Nassar, likitan tawagar jimnastik ta Amurka da aka ɗaure kan cin zarafin 'yan wasa. Wannan dokar ba ta ƙetare iyakar Amurka. Kina iya kafa hujja da ita wajen neman gyara, ba wajen shigar da ƙara ba.

Sai batun "a madadin yaran". Wakilci a kwamiti bai mayar da ke lauyarsu ko waliyyiyarsu ba. A mafi yawan tsare-tsare, wanda shawara ta shafa kai tsaye shi ke da ikon ƙalubalantar ta, wato 'yan wasan nan biyu da aka ajiye, ko iyayensu in ba su kai shekarun girma ba. Kina iya nuna musu hanya, ki raka su, ki ba da shaida. Ƙarar da ta fito da sunanki a kan haƙƙinsu kuwa, ina jin tsoron tun a zaman farko za a kore ta.

Kuma abin da ya fi damuna a kansu lokaci ne. Wa'adin ɗaukaka ƙara kan zaɓen tawaga gajere ne ƙwarai, kwanaki kaɗan, wani lokaci sa'o'i, domin dole a miƙa sunaye kafin gasa. Duniyar wasanni ba ta wasa da agogo. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, ƙorafin da kocin Jordan Chiles ta Amurka ta shigar kan makin wasan dandamali ya ɗaga ta zuwa matsayi na uku, amma kotun sasanta rikicin wasanni, CAS, ta yanke cewa an shigar da shi daƙiƙa huɗu bayan cikar minti ɗayan da ƙa'ida ta bayar, aka mayar da lambar tagulla ga Ana Barbosu ta Romaniya. Ki kuma gaya wa iyayen gaskiya: kwamitin ɗaukaka ƙara ba ya sake zama ya auna wace yarinya ta fi iya wasa a kan katako ko sanduna. Abin da yake dubawa shi ne ko an bi sharuɗɗan da aka rubuta, ko wani mai 'ya ko ɗaliba a cikin masu takara ya zauna cikin masu zaɓe, ko an yi watsi da sakamakon da ya kamata a lissafa. Idan ma babu rubutattun sharuɗɗa, wannan kansa abin kamawa ne.

Game da kotu, kusan kowace hukumar wasa tana da sashen da ya ce a fara ƙare matakan cikin gida, daga nan a tafi sasanci. Kotuna kan mutunta wannan, su mayar da mai ƙara inda ya fito, sai dai in akwai laifi na hukunci ko an hana mutum damar kare kansa ƙiri-ƙiri. Wasu kundayen ma sun mai da zuwa kotu laifin da ake dakatar da mamba a kansa. Ita CAS, wadda ke aiki tun 1984, ba ta karɓar ƙara sai ƙa'idojin hukumar ko wata yarjejeniya sun ba ta hurumi kuma an gama da matakan cikin gida. Wa'adinta kwana 21 ne in ba a sa wani ba, kuɗin shigar da ƙara faran dubu ɗaya na Suwizalan, ban da kuɗin masu sasanci da na lauyoyi.

Takardun taro, don Allah kada ki sake su. Duk wanda ya zauna a kwamiti, da ƙuri'a ko babu, galibi akwai nauyin riƙe sirri a wuyansa, wataƙila ma kin sa hannu a kan takardar haka ranar da kika kama aiki. Ranar da kika ɗora su a Facebook, maganar ta tashi daga kan yaran ta koma kanki: kwamitin ladabtarwa, ƙarar ɓata suna daga koci, ga kuma sunayen ƙananan yara a bainar jama'a. Inda akwai dokar kare masu kwarmata bayani, yawanci tana kare wanda ya kai rahoto ga hukumar da ta dace, kariyar kan yi rauni idan aka tafi kai tsaye ga jama'a.

Yanzu maganar yarinyar nan mai ciwon ƙafa. Ki cire ta daga cikin rigimar kujera gaba ɗaya. Ba ta jiran ajanda, ba ta jiran a tantance ko kina da ƙuri'a, kuma ba abin sulhu ba ce. Abin da kika siffanta, sa yaro atisaye a kan rauni da auna nauyinsa don a kunyata shi, yana cikin abubuwan da binciken lauya Anne Whyte kan hukumar jimnastik ta Birtaniya ya bankaɗo a rahoton da aka fitar a watan Yunin 2022, bayan ta karɓi bayanai sama da 400 kan shekarun 2008 zuwa 2020. Shugaban da aka kawo wa irin wannan labari ya ce ba ya cikin ajanda, ya kamata wani ya tunatar da shi abin da hakan ya jawo wa hukumomin da suka fi tasa girma. Ki sanar da iyayen yarinyar, likita ya duba ƙafar ya rubuta abin da ya gani. Ki rubuta abin da ta gaya miki da kalmominta, da rana da wuri da waɗanda ke tsaye lokacin da aka ɗora ta a sikeli. Kada ki yi mata tambayoyin da ke sa mata magana a baki, kada kuma ki zama mai bincike. Ki miƙa rahoton a rubuce ga jami'in kare 'yan wasa na hukumar, in akwai, ki nemi a raba kocin da yarinyar na wucin gadi har a gama bincike. Idan abin ya kai ga cutar da jiki, hukumar kula da yara ko 'yan sanda na da hurumi, a wasu ƙasashen ma kai rahoton wajibi ne a kanki, kuma sirrin kwamiti ba ya rufe wannan. Akwai kuma gidauniyar ɗa'a mai zaman kanta da FIG ta kafa, wadda ta fara aiki a 2019, tana karɓar rahotannin cin zarafi. Ko za ta ɗauki wannan ya danganta da huruminta. Shi ma kocin yana da haƙƙin a ji ta bakinsa, don haka ki tsaya kan abin da aka gani da abin da aka faɗa, ban da yanke hukunci.

Kan kujerarki, rubuta wa sakatare wasiƙa gajeriya mai sanyi, kwafi ga shugaba: wane sashe ne ya ce ba ki da ƙuri'a, me ya sa ba a aiko sanarwa ba, ga batun da kike so a sa a zama na gaba. Sauran matakan a bayyane suke. In sun yi shiru ko suka ƙi, ki nemi a shiga tsakani, ta hannun kwamitin 'yan wasa na kwamitin Olamfik na ƙasarku ko wani mai sulhu da kuka yarda da shi duka. Na fi karkata ga wannan don wani dalili mai sauƙi. Ko kin yi nasara a kotu, abin da za ki samu shi ne a soke zama ɗaya. Su sake kiran taro, su gayyace ki, su rinjaye ki da ƙuri'a, alhali yaran da kike yi dominsu shekarun gasarsu ƙalilan ne. A teburin sulhu kina iya neman abin da alƙali ba zai ba ki ba: a wallafa sharuɗɗan zaɓen tawaga kafin gwaji, a riƙa ba wanda aka ajiye dalili a rubuce, a yi alkawarin ba za a rama a kan yaran da suka yi magana ba, a kuma kai ƙudurin ba wakilin 'yan wasa cikakkiyar ƙuri'a gaban babban taro, domin can ne ake gyara kundi. Hukumar da ke neman tallafi da amincewar na sama da ita tana da dalilin saurare, ko da ba ta so.

Idan za ki je wurin lauya, ki tafi da kundin, da takardar sakamakon zaɓenki, da duk abin da kika sa wa hannu, da sanarwar tarukan baya da ke nuna yadda aka saba gayyatarki. Amma tun yau ki duba ranar da aka fitar da jerin sunayen tawagar, ki kira iyayen yaran nan biyu ki gaya musu kwana nawa suka rage.