Harajin kuɗin wuta da ruwa, da mai ƙanƙarar da ya zagaye mita

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ƙanƙara nake sayarwa a Kurna, firiza uku gare ni, mita ɗaya muke sa wa kati mu shago huɗu. Na ji wani mai wa'azi ya ce harajin da jiha ke samu a kuɗin wuta da ruwa makasu ne, wato harajin zalunci, haramun, wai sayar da su ma bai halatta ba don hadisi ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Shi ne na sa aka zagaye min mita a firiza biyu. Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam. E ɗan'uwa, kana da laifi, kuma tun kafin mu je kan haraji lissafinka ne bai fita ba. In ka sayi katin naira 10,750, dubu goma kuɗin wuta ne, 750 ce kawai harajin sayen kaya na VAT, wato kashi 7.5 da aka koma tun 2020. Ita ma ba Kano take zuwa kai tsaye ba, Abuja ake tarawa a raba duk wata, jihohi su ɗauki kashi 50 a da, sabuwar dokar haraji ta mai da shi 55. To ka ce don 750 kake fushi, ya aka yi ka haɗa da dubu gomar? Wannan kuɗin kaya ne da ka sha, kuma KEDCO, kamfanin raba wutar, tun 2013 aka sayar wa 'yan kasuwa mafi yawan hannun jarinta.

Cin dukiyar wani ba da yardarsa ba haramun ne, wannan ba saɓani.

Hadisin tarayya kuwa yana nan, amma an ɗora shi a inda ba nan ne mazauninsa ba. Malamai sun fassara shi da ruwan da ba wanda ya sha wahalarsa, kogi, tafki, ruwan sama da ya kwanta a fadama, wuta kuma makamashin daji ko ɗosana a garwashin maƙwabci. Ruwan da mutum ya ɗebo ya zuba a mazubinsa ya zama nasa, yana iya sayarwa. In ba haka ba sai mu ce mai ga-ruwa da ke turo kura jarka goma sha biyu cikin ranar nan haram yake ci, shi mai wa'azin ma ai da wuya in bai taɓa sayen ruwa ya yi alwala ba. Sayyidina Usman sayen rijiyar Ruma ya yi da kuɗinsa sannan ya yi waƙafi da ita. Je ka kogin Challawa ka ɗiba da bokiti ba mai tambayarka sisi, amma wanda aka tace a matatar ruwa ta Tamburawa aka zuba magani aka turo ta bututu, akwai aiki a kansa. Lantarki kuma don mu Hausawa mun kira shi wuta ba shi zai shigar da shi hadisin ba, mota ma ai tana da wuta. Kuma fa kai ma ruwa kake daskarewa ka sayar.

Shi harajin, gargaɗin da ya zo kan mai makasu gaskiya ne, shi ne mai tare mutane ya karɓe musu dukiya da zalunci. Amma manyan malamai Gazali da Shaɗibi sun halatta shugaba ya ɗora wa masu hali wani abu in baitulmali bai isa ba, da sharaɗin buƙata ta gaske da adalci da kashewa inda ya dace. In aka karɓa aka wawure, nauyin yana wuyan wanda ya wawure, kai da ka biya ka fita. Ba ina wanke kowa ba ne, talaka ma biya yake kamar mai kuɗi a VAT, wannan abin a yi magana ne da masu mulki.

Abin da ya fi damuna shi ne mitar nan ta ku huɗu ce. Ranar da aka kama, duka za a yanke, tara ta hau kan mai sunan mita, tela da mai cajin waya su kwana ba aiki a kan abin da ba su sani ba. Ga haɗarin gobara, wayar ɓoye da firiza biyu a kanta cikin zafin Afrilu.

Ka kira mai gyaran wuta ya cire yau, ka tuba, ka ƙiyasta watannin da ka sha ka nemi hanyar mayar wa kamfanin ko da kaɗan-kaɗan ne, ba dole sai ka tona kanka ba. In ciniki ba zai ɗauki firiza uku ba ka kashe ɗaya, ko ka fara tarin sola. Wallahu a'alam.