Amsa: Shin gumakan coci na zubar da hawaye da gaske a Italiya?

Malama, kin ce a littafin da kika karanta mutum-mutumin Maryamu ya yi hawaye a wani ƙauyen Italiya, limamin cocin ya san asirin amma ya ja bakinsa ya yi shiru, kina tambaya ko ƙagen marubuci ne. Ba daga kansa ya samo ba.

A 1953, a garin Sirakusa na tsibirin Sisili, wani ɗan hoton Maryamu na farar ƙasa da ke rataye saman gadon wasu ma'aurata ya yi kwana huɗu yana zubar da ruwa daga ido. An ɗebi ruwan da auduga da ɗan bututu, aka gwada, aka ce ya yi kama da hawayen mutum, bishop-bishop na Sisili kuma suka amince. Amma a garin Cibitabekiya da ke kusa da Roma, a 1995, da wani mutum-mutumin Maryamu ya yi hawayen jini, gwaji ya nuna jinin namiji ne, rigima ta tashi. Daga 2024 ma Fadar Batikan ta tsaurara ƙa'idojin tantance irin waɗannan abubuwa.

Shirun limamin nan ne ya fi jan hankalina, kuma ba ragwanta ba ce. A ɗarikar Katolika, abin da mai tuba ya raɗa masa a ɗakin furta zunubi ba ya fita, ko da za a ɗaure shi. In ya tona, an kore shi daga coci ke nan. To ki duba ƙauyen da kowa ya san kowa, baƙi na tururuwa, masu masauki da masu sayar da kyandir sun samu kasuwa, limamin kuwa ya san wanda ya shafa wa gunkin ruwa.

Ni dai can ƙarshe nake ƙosawa, in marubuci ya warware komai tsaf.