Mariƙin ƙofar motata na ciki ya ƙuje: a gyara ko a canza?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Corolla da aka kawo mini daga Kwatano shekara 3 da suka wuce. Mariƙin da nake ja in buɗe ƙofar direba daga ciki, launin azurfarsa ya ƙuje har baƙi yana leƙowa, sannan wurin da ake kamawa a rufe ƙofar ya yi fararen kartuwa. Wani yaro mai wankin mota ya goge mini da fetur, sai abin ya ƙara dusashewa. Shin akwai gyara, ko sai na sayi wani? Daga mai karatu a unguwar Zengo, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Akwai gyara, amma wurare biyun da ka ambata ba da abu ɗaya aka yi su ba, don haka maganinsu ma ba ɗaya ba ne, kuma yawancin ɓarnar da nake gani a ƙofofin motoci ta samo asali ne daga shafa wa roba abin da ba nata ba.

Mu fara da mariƙin da kake ja. Ko da yake yana kama da ƙarfe, a yawancin ƙananan motoci roba ce mai tauri da ake kira ABS, wadda ake lulluɓe ta ko dai da fenti mai launin azurfa, ko kuma da siririn ɓawon kurom da ke bisa tagulla da nikel. Bambance su ba wuya. Kurom yana ƙyalli kamar madubi, kuma idan ya lalace kumbura yake yi ya ɗaye da kaifi, shi kuwa fenti a hankali yake cinyewa har launin robar ya bayyana. Tunda ka ce baƙi ke leƙowa, naka fenti ne, kuma wannan labari ne mai daɗi. Da kurom ne ya ɗaye, da ban ba ka shawarar gyara ba ko kaɗan, domin a masana'anta ake yin wannan ɓawon da wutar lantarki, babu fentin gwangwani da zai maido da shi, kuma gefensa yana yanka yatsa kamar reza, musamman yatsun yara. Irin wannan canzawa ake yi.

Fetur ɗin da yaron ya shafa shi ya ƙara dusar da wurin, domin fetur yana taɓa fenti ya kuma busar da fuskar roba. Tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, da ruwan goge jan farce sun fi shi muni, don sinadarin asiton da galibi ke cikinsu narkar da ABS yake yi. Ban ga laifin yaron sosai ba, abin da ya ga manya suna yi ne, amma kada a sake.

Aikin kirki yana farawa da cire mariƙin daga ƙofar. Galibi akwai sukuru ɓoye a ƙarƙashin ɗan murfi a bayansa, kuma a wasu motocin sai an ɗaga bangon ƙofar gaba ɗaya kafin a zare wayar da ke jan makulli. A nan nake roƙonka haƙuri, domin maƙalan robar da suka sha zafin Afrilu da Mayu na Damagaram, inda ake haura digiri 40 a inuwa, sun riga sun bushe, kuma ɓanɓara da ƙarfi karya su take yi. Idan hannunka bai saba ba, bakanike zai cire maka cikin ɗan lokaci. Masu wasu motocin Jamus da ke da jakar iska ta kariya daga hatsari a cikin ƙofa, su cire kan batir tukuna.

Bayan an cire, a wanke da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe, sannan a goge da alkol ɗin da ake saya a famasi, a tsumma mai tsabta, domin a fitar da maiƙon hannu da na turare da ya shekara yana taruwa. Sai a ɗauki samfefa mai lamba 600 a jiƙa ta da ruwa a bi gefen ƙujewar har sai farce ya daina jin tudu tsakanin fenti da roba, sannan a bi duk mariƙin da mai lamba 800 ko 1000. Daga nan a fesa fentin shimfiɗa na musamman na roba, wanda shi ke sa fenti ya kama; wannan matakin mutane suka fi tsallakewa don tsimin kuɗi, shi ya sa bayan wata guda fentin ke bin yatsa. Fentin azurfar a fesa shi daga nisan santimita 20 zuwa 25, shafi siriri sau 3, da tazarar minti 10 zuwa 15, a rufe da banishi mai haske. Kada a yi a rana, kada kuma a yi ranar da ƙurar hunturu ta tashi, domin kowace ƙwayar rairayi da ta sauka za ta zauna a ciki. A bar shi aƙalla awa 24 kafin a mayar, kwana 2 ya fi mini kwanciyar hankali tunda wuri ne da hannu ba ya rabuwa da shi.

Wurin da ake kamawa a rufe ƙofa kuwa, roba ce mai ɗan gurzan fuska wadda launinta a cikin jikinta yake. Sau da yawa farin da ake gani datti ne kawai da busasshen sabulu, tsohon buroshin haƙori da ruwan kumfa sun ishe shi. Idan farin bai tafi ba, robar ce ta takura a inda zobe ko makulli ya karce ta, kuma ɗumi kaɗan daga na'urar busar da gashi yana iya maido da launin. A riƙa motsa ta, kada a tsaya wuri ɗaya, domin da zarar fuskar ta fara ƙyalli gurzan ya narke ke nan, ba ya dawowa. Samfefa ba ta da aiki a nan. Kartuwar da farce ke faɗawa cikinta ba za ta ɓace ba, sai dai a rage ganinta da rinin roba mai launin ƙofar. Idan kuma ta dame ka, dukawan unguwar Birni ta Damagaram sun iya fata ƙwarai, kuma naɗe wurin da baƙar fata mai laushi, a ɗinke ta da kyau, ya fi ɗorewa a hannu fiye da kowane rini.

Kafin ka sayi kayan fentin nan, ka leƙa wajen masu sayar da tsofaffin kayan mota ka tambayi farashin mariƙin, domin Corolla ta yi yawa a ƙasar nan da Kano, kuma ba mamaki ka tarar tsohon mariƙi mai lafiya bai kai kuɗin gwangwanin fenti uku ba. Ka tafi da naka a hannu, don na dama da na hagu ba ɗaya ba ne, kuma siffarsa tana canzawa daga wannan ƙirar zuwa waccan. Ko wanne ka zaɓa, ka ce wa mai wankin mota ya daina goge ƙura da busasshen tsumma, ya jiƙa shi tukuna, kuma kada ya shafa baƙin mai don ƙyalli. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET shi ma yana cin roba da fenti, don haka a damina a goge tafin hannu kafin a kama mariƙin.