Outlook ya daina tura saƙo, shin in kashe lambar da ake aiko mana a waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sakatariya ce a wata makaranta mai zaman kanta a Zariya. Da Outlook 2010 muke aika wa iyaye sakamakon yara ta Gmail ɗin makaranta. Tun da shugabanmu ya canza kalmar sirri, saƙonni suka maƙale. Na rubuta sabuwar ya fi sau goma, ya ƙi karɓa. Mai gyara ya ce mu kashe lambar tabbatarwa da ake turowa waya. Ga hutu ya ƙarato, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, saƙonninki na nan, kuma ba ke kika yi kuskure ba.

Tun 30 ga Mayun 2022 Google ya daina barin tsofaffin manhajoji su shiga Gmail da kalmar sirri zalla. Yanzu babbar hanyar shiga ita ce tsarin OAuth, wato wannan tagar Google da kan buɗe ta nemi izininki, kuma Outlook 2010 bai san da ita ba. Ga alama wanda ya saita muku tun farko kalmar sirri ta manhaja ya sa, wato wata kalmar sirri ta daban da Google ke bayarwa don irin waɗannan tsofaffin manhajoji, ita kuwa da zarar an canza babbar kalmar sirri Google yake soke ta.

Ki shiga sashen tsaro na asusun Google ɗin makaranta, ki nemo "App passwords", wato kalmomin sirri na manhaja, ki ƙirƙiri sabuwa. Harufa 16 za su fito, sau ɗaya tak za ki gan su, su za ki liƙa a Outlook. A saitin Outlook, sabar fita, wato kwamfutar Google da ke aika saƙonninku, ita ce smtp.gmail.com, ƙofa (port) 587 da TLS ko 465 da SSL, waɗanda hanyoyi ne na ɓoye bayanai a kan hanya, sannan ki duba an sa alama a inda ke cewa sabar fita tana buƙatar tantancewa.

Sai maganar mai gyaran nan, wadda ta fi komai ci mini rai, don kusan kullum sai na ji ta. Don Allah kada ki kashe. Ba ma za ta yi aiki ba: Google ba ya bayar da kalmar sirri ta manhaja sai ga wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato wannan lambar da ake turowa waya. Kina kashewa kin toshe hanyar da ta rage miki, kin kuma bar ƙofa a hangame. Ba tsuntsu ba tarko. Waɗannan masu gyara dabarar shekaru goma da suka wuce suka haddace, sun ƙi sake karatu. In ta ƙi, sai su ce a cire TLS a koma ƙofa 25, alhali Gmail ba ya karɓar kalmar sirri a tsirara, kuma kamfanonin intanet da yawa sun toshe ƙofar nan saboda masu watsa saƙonnin banza.

Na taɓa shiga wani ofishi na tarar da kalmar sirri a rubuce da biro a guntun takarda, an manna ta da salatif a gefen allon kwamfuta, an kuma kashe lambar waya wai tana ɓata lokaci. Duk wanda ya zo biyan kuɗi ya karanta. Ki duba abin da ke cikin akwatinku: sunayen yara, lambobin iyaye, rasidin banki. Wanda ya shiga zai iya rubuta wa iyaye da sunan makaranta cewa an canza lambar asusun biyan kuɗi, kuma za su yarda, tun da daga adireshinku saƙon ya fito. Wa zai biya su? Mai gyaran ya karɓi ladansa ya yi gaba.

Microsoft ya daina kula da Office 2010 tun Oktoban 2020, saboda haka in hutu ya zo ki sauke Thunderbird, wata manhajar aika saƙo irin Outlook. Kyauta ce, ta san OAuth, za ta buɗe miki tagar Google da kanta. Ranar da kika koma kanta, ki shiga "App passwords" ki goge harufan nan 16.