Amsa: Zan iya rage tsawon sandar giyar Golf 3 ɗina a gida?

Malam, idan na fahimce ka, sandar giyarka tana lilo, tafiyarta daga lamba ɗaya zuwa biyu ta yi nisa, shi ne kake so ka yanke ta. Dakata tukuna.

Lilon nan galibi ba daga tsawon sanda yake ba. Golf 3 mai ƙaramin inji ƙarafuna ne ke haɗa sandar da giyabos, kuma a gaɓoɓinsu akwai robobi da wani ɗan ƙwallo da ke cinyewa. Buɗe bonet, wani ya riƙa motsa giyar, inji a kashe, kai kuma ka duba inda ke girgiɗi. Tawa da na ciro ƙwallon, ya tsage, ya kafe kamar busasshen goro. Na canza robobin, na shafa giris, giya ta dawo tsaf.

Yanke sanda yana rage nisan da hannu ke yi, amma sai ka ƙara ƙarfi kafin giya ta shiga. Kuma a wannan motar sai ka danna sandar ƙasa kafin ribas ta shiga. Idan aka taɓa wannan wurin wajen yanka ko walda, wata rana kana neman lamba ɗaya a go-sulo sai ka ji ka a ribas.

Kafin ka kwance kowane noti, yi masa alama da fenti, don saitin ba ya yafiya.

In kuwa giyar tana ƙara lokacin shiga, ko tana fita da kanta, mai yiwuwa matsalar kulochi ce ko cikin giyabos. Wannan kam kai wa bakanike.